Dalilin da Ya Sa Ɗan Fain Ke Fitowa da Rigar Ciyawa

Kwana da kwanaki ke nan wani gwangwanin madara ya hana ni sukuni. Ina tuƙa tuwo ina leƙensa, in na idar da sallah shi nake fara dubawa, har Malam, mijina, ya ce da kallo yana sa shuka girma, da yanzu mun fara shanya a reshenta. Ni ba mai dogon karatu ba ce, a aji shida na tsaya, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Shawara nake nema.

Babbar 'yata Bara'atu tana karatun gandun daji, yanzu an tura su aikin koyo can kudu. Kafin ta tafi ta bar mini amanar gwangwanin nan. A cikinsa akwai irin bishiyar da ake kira fain, dogayen nan masu ganye kamar allurai. Kuma ba kowane iri ba ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya dasa uwar a bayan tsohon gidanmu na Bukuru. Bara aka sayar da filin, aka sare ta. Bara'atu ta je ta tsinto 'ya'yan da suka faɗi, ta shanya, ta kakkaɓe irin. Ta yi ta shukawa yana ruɓewa. Abin da ya rage a tafin hannunta shi ta zuba a gwangwanin nan, bayansa babu wani.

Ranar tafiya, da jaka a kafaɗa, ta ce, "Umma, ruwa kawai. Kada ki ƙara komai. Kin ji, Umma? Komai."

Na ce, "Na raine ku ku biyar, gwangwani ne zai gagare ni?"

Tana fita na leƙa ƙasar. Yashi ne da ɗan jan turɓaya, abin tausayi, kamar tuwon da ba miya. Na ce yarinyar nan karatu ya yi mata yawa, wa ke shuka babu taki? Na leƙa katanga na roƙi maƙwabciyata Mama Kaneng takin awakinta, irin wanda take kaiwa lambunta na karas. Na barbaɗa da kyau, na ma ƙara.

Ana nan sai wani ɗan tsiro ya fito, siriri, da wani baƙin ɓawo a kansa kamar hula. Ni kuwa Allah ya yi ni ba na iya ganin datti a kan yaro in wuce. Na sa farce na cire masa, na hure shi, na ji daɗi. Kafin a zagayo sati, takin ya yi aikinsa. Gwangwani ya cika maƙil da korayen allurai, duk kamarsu ɗaya. Ga shi kullum ina juya shi don ya sami rana ta kowane ɓangare, na manta ta inda nawa ya fito.

Mama Kaneng ta zo ta duƙa ta ce, "Maman Bara'atu, wannan ai karas ne, sai dai in yi miki murna." Malam ya ce aya-aya ce, ya san ta tun yana noma. Ƙanwarsa ta ce albasa ce, in jira ta yi lawashi. Da suka ɗan tasa yawancinsu suka buɗe, ni dai na tsince waɗanda na tabbatar ciyawa ce, masu faɗin ganye. Saura biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Jiya bayan la'asar ina tsugune a gabansu, sai 'yan autana Mansura da Sabi'u suka zo suka tsuguna su ma. Mansura ta ce, "Umma, bishiyar Kaka fa ta fi masallaci tsawo. Me ya sa ɗanta zai yi kama da ciyawa?"

Na ce, "Ku zauna in gaya muku."

Sabi'u ya ce, "Ba a tatsuniya da rana."

Na ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce, bayani ne. Daga bakin kakanku na ji shi. Inda na manta kuma zan cike, kada wanda ya yi mini gardama."

Ga abin da na gaya musu.

Dalilin da ya sa ɗan fain ba ya kama da uwarsa ya samo asali ne tun zamanin da kowane ɗan bishiya ke fitowa sak mahaifiyarsa. Ɗan kuka yana tsirowa da ɗan tumbinsa. Ɗan giginya yana fitowa da ɗan mafici a ka. Ba mai tambayar ɗan wane ne wannan, da gani an sani.

A lokacin ne Fain ta zo ƙasar nan. Baƙuwa ce daga ƙasar sanyi, ta hau kan dutse ta zauna don can ne iska ta yi mata kama da gida. Doguwa ce ƙwarai, miƙaƙƙiya, ba ta iya sunkuyawa. Kuma mace ce mai fargaba. Ganye ya faɗi ta firgita, gajimare ya wuce ta ce yau ruwa zai ci 'ya'yanta.

Mansura ta kalli Sabi'u, Sabi'u ya kalli Mansura. Na ce, "Na gan ku. Ba da kowa nake ba."

'Ya'yan Fain kuwa kyawawa ne. Kowanne yana fitowa cikakkiyar 'yar bishiya, ƙasa da faɗi, sama da tsini, kore shar ko da rani. Kyan nan shi ya jawo mata. Duk wanda ya hau dutsen ya ga ɗaya sai ya ce, wannan ai ya dace da ƙofar gidana, ya sa hannu ya tumɓuke. A kai shi gida, ya kwana biyu ya bushe, a dawo a ɗauki wani. Ita tana can sama tana gani, ba ta iya miƙo reshe ta buge hannun mutum.

Sai ta kira tsohuwar Kuka da ke gindin dutsen. Ta ce, "Iya, ke da kika daɗe a garin nan, ya kike yi ba a kwashe miki 'ya'ya?"

Kuka ta ce, "'Yar nan, kin taɓa ganin 'ya'yana? Wa zai kai su ƙofar gida?"

Fain ta ce, "To ni ya zan yi?"

Kuka ta ce, "Je ki wurin Ciyawa. A duk ƙasar nan ita kaɗai ce ba a taɓa sace wa ɗa ba. Amma ki buɗe kunne, bakinta ya fi jikinta."

Fain ba ta taɓa gaida Ciyawa ba, ba don girman kai ba, don dai ba ta hango ta daga sama. Ranar nan ta yi gyaran murya ta ce, "Sannu da gida, maƙwabciya. Ya yara?"

Ciyawa ta ce, "Yau kuma? Ashe kina da murya. Yara suna nan, ba su ƙirguwa. Me ya kawo ki ƙasa, Hajiya doguwa?"

Fain ta ce, "Aron riga na zo yi. Ki ara wa 'ya'yana irin rigar naki, su saje da su, mutane su daina ganinsu."

Ciyawa ta yi dariya har raɓa ta zube daga jikinta. Ta ce, "Rigar da ake takawa? Rigar da jaki ke kwanciya a kai? Ita kike so?"

Fain ta ce, "Ita. Gara a taka ɗana da a tafi da shi."

Ciyawa ta ce, "To na ba ki aro na damina biyu. Sharaɗina ɗaya. 'Ya'yana za su zauna a inuwarki, don rana tana ƙone mini su. Kuma duk abin da kika ba naki, ki ba nawa."

Fain ta ce ta yarda. Ba ta ko tsaya ta yi tunani ba, don mai fargaba in ta ga mafita ba ta duba ko rami ne.

Damina ta zo. 'Ya'yan Fain suka fito sirara, 'yan allurai kore, ba reshe ba tsini. Mutane suka hau dutse suka dudduba, suka ce bana bishiyar nan ba ta haihu ba, suka sauka. Fain ta yi ajiyar zuciya. Ta ce bari yanzu ta ƙirga 'ya'yanta ta ji daɗi. Ta leƙo ƙasa. Kore ta ko'ina, daga gindinta har bakin dutse.

Ta ce, "Ina 'ya'yana?"

Duk filin ya amsa, "Ga mu, Inna."

Ta ce, "A'a, nawa nake nufi, waɗanda na haifa."

Filin ya sake cewa, "Ga mu, Inna." Ai Ciyawa ta riga ta koya wa nata.

Fain ta ce, "Maƙwabciya, don Allah ki nuna mini nawa."

Ciyawa ta ce, "Ni ina zan sani? Nawa ma ban san su ba. Haihuwa nake yi in wuce. Ke da kike da 'yan kaɗan ai ke ya kamata ki san kayanki."

Haka Fain ta yi damina guda tana tara raɓa a allurarta tana ɗiga wa duk wanda ya buɗe baki. Tana kare wannan daga iska, tana yi wa wancan addu'a. Akwai wani da ta fi so, mai tsawo, mai ladabi, kullum shi ke fara gaishe ta. Ta ce wannan da gani jinina ne. Da kaka ta yi ya fitar da kai, ashe gamba ce. Wani mutum ya zo ya yanke shi ya yi zana.

Sabi'u ya yi dariya har ya faɗi zaune. Na ce, "Yi dariyarka. Wata rana za ka haifa."

Fain ta koma wurin Kuka tana kuka. Ta ce, "Iya, na ɓoye su har na ɓoye wa kaina."

Kuka ta ce, "To ki yi musu alama mana. Abin da ke kaɗai za ki gane daga sama."

Fain ta yi tunani. Ta ce wa kowane iri kafin ya faɗi ƙasa, "Ɓawon nan da kake ciki, kada ka bar shi a ƙasa. In za ka fito ka ɗora shi a ka kamar hula. In na leƙo na ga baƙar hula, na san nawa ne. Kada ka cire. Ka ji ko?"

Suka ce, "Mun ji, Inna."

Damina ta sake zagayowa. Fain ta leƙo, sai ga 'yan baƙaƙen huluna nan da can cikin kore. Ta ƙirga su, ta sa musu suna, ta yi barci mai daɗi. Amma kun san yaro da hula. Kwana kaɗan ɗaya ya ce tana matse masa kai, ya yar. Wani ya ce 'ya'yan Ciyawa suna yi masa dariya, ya yar. Wani ya buɗe hannuwansa zai yi miƙa, hular ta faɗi da kanta. Fain ta farka, babu hula ko ɗaya.

Ta ce, "Ina masu hula?"

Filin ya ce, "Ga mu, Inna."

Nan ne ranta ya ɓaci. Ta ce wa Ciyawa, "Ki karɓi rigarki, ki ba ni 'ya'yana yadda suke."

Ciyawa ta ce, "Damina biyu muka yi da ke, kuma kowane ɗa da nasa lissafin. Duk wanda ya sa rigata sai ya cika damina biyu kafin ya tuɓe. Kuka ce shaida."

Kuka ta ce, "Haka aka yi. Na ce ki buɗe kunne."

Fain ta ce, "To ki kwashe naki daga inuwata."

Ciyawa ta ce, "Ba inda za su."

Fain ta girgiza jiki don haushi. Busassun allurarta suka zubo, suka yi ta zuba, har suka rufe ƙasa kamar tabarma. 'Ya'yan Ciyawa suka shaƙe suka mutu. Fain ta ce yawwa, yanzu duk wanda ya rage nawa ne. Ta jira. Ba wanda ya rage. Tabarmar ba ta tambayi ɗan wane ne ba.

Mansura ta ce, "Umma, ita ta kashe nata?"

Na ce, "Garin gyara." Sai na ce Sabi'u ya ɗebo mini ruwa.

Daga nan Fain ta san cewa kusa da ita ma haɗari ne. Sai ta yi wa kowane iri ɗan fiffike guda, ta ce, "In iska ta zo ku bi ta. Ku je nesa da ni ku tsira. Ku sa hular ko ta kwana kaɗan ce, ko Allah zai sa in hango. In kun cika damina biyu za ku tuɓe rigar aro, allurarku za su fito a ɗaure, bibbiyu ko uku-uku, kamar tawa. Ranar nan kowa zai san ku 'ya'yan wace ce."

Irin ya ce, "Inna, kafin nan fa? In mai fartanya ya zo?"

Kafin Fain ta buɗe baki, iska ta zo ta kwashe su.

To shi ke nan, shi ya sa har wa yau ɗan fain ke fitowa siriri kamar ciyawa, da 'yar hula a ka da ba ta daɗewa. Shi ya sa ba ka cika ganin ciyawa a gindin uwar ba, don har yanzu ba sa ga maciji. Kuma in kun tsaya ƙarƙashinta da iska za ku ji tana wani shuu, shuu. Ba waƙa take yi ba. Tambaya take yi ko wani ya ga nata.

Da na gama, yaran suka zuba wa gwangwani ido. Can Sabi'u ya ce, "To Umma, ai sai mu jira damina biyu."

Mansura ta ce, "Yaya Bara'atu fa jibi za ta dawo."

Wannan ita ce maganar. Jibin jiya kuwa gobe ke nan.

Shekaranjiya Bara'atu ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Umma, ya fito?" Na ce ya fito. Ta yi ta murna, har na ji tana gaya wa ƙawayenta bishiyar kakanta ta tashi. Sai ta ce, "Ya yar da ɓawon kansa? Kada a taɓa fa, shi ke yarwa da kansa. In aka fizge kafin lokaci yana iya jin ciwo." Na ce, "Ya yar." To ai ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, ɓawon dai yana ƙasa. Ta ce in ɗauko hoto in turo mata. Na ce wayata ta cika. Wannan kam ƙarya ce, Allah ya yafe mini.

Na yi ƙoƙari in gano da kaina. Na tambaye ta cikin dabara, kamar ina son ƙarin ilimi, yadda ake gane shi. Ta ce yana da 'yar ƙafa guda siririya, ganyen kuma a samanta suke buɗewa kamar ƙarafan laima, ita kuwa ciyawa daga ƙasa take watsuwa. Na je na kwanta rub da ciki a tsakar gida, da tabaran Malam a hanci. Na dama yana da ƙafa. Na hagu ma kamar yana da ƙafa, ko kuma takin ne ya zaizaye a gindinsa. Ta ce kuma in an murza ganyen yana ƙanshin ƙaro. To ganye nawa gare shi da zan murza? Na dai kai hanci na shinshina. Duk biyun warin awakin Mama Kaneng suke yi.

A haka Malam ya shigo ya same ni. Ya tsaya ya ce, "Maman Bara'atu, in sujada ce, gabas tana can."

Na ce, "Malam, ka taimake ni da shawara, ka bar ba'a."

Ya ce, "Je ki wurin masu sayar da dashe a bakin titi ki sayo ɗaya ki dasa. Ina za ta sani?"

Na je. Mafi ƙanƙanta a wurinsu ya kai gwiwata. Ko ni da aji shida na san abin da aka shuka bayan sallah bai kai gwiwa ba. Kuma ko da ya yi daidai, ba jikan bishiyar Baba ba ne. Yarinyar za ta yi shekara da shekaru tana nuna wa mutane baƙo tana cewa na kakanta ne, ni kuma ina gefe ina gyaɗa kai. Na kwatanta wa mai dashen abin da ke gwangwanina. Ya ce in dai akwai ciyawa tare da shi in cire ta da wuri, don saiwarta tana shaƙe shi. Ya ce kuma taki mai zafi yana ƙona shi. Na ce wace irin mace ce za ta sa masa taki. Na yi masa sallama na taho.

Yau da safe na duba, na hagu ya fara yin rawaya a baki-baki. In shi ne fain ɗin, to na dama ne ke shaƙe shi, ya kamata in cire na dama yanzu. In kuwa na hagun ciyawa ce ke mutuwarta, na cire na dama, to da hannuna na tumɓuke abu na ƙarshe da ya rage na mahaifina. Akwai kuma tunani na uku da ba na so in yi, wato nawa ya tafi tun ranar da nake tsintar masu faɗin ganye, yanzu karas biyu nake yi wa gadi.

Na kai hannu ya fi a ƙirga, in janye. Mansura ta ce in kira Yayarta in faɗi gaskiya, ita ce ta yi karatun, kallo ɗaya za ta yi wa hoto ta gane. Gaskiyar yarinyar ce. Sai dai hoton zai nuna takin, baƙi ƙirin, har da 'yan ƙwallayensa. Kuma ina jin muryarta tun yanzu, ba za ta yi faɗa ba, ita ba mai faɗa ba ce. Cewa kawai za ta yi, "Ba komai, Umma," a hankali, ta ajiye waya. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

To 'yan'uwa, musamman iyaye mata da aka taɓa bar wa amana suka yi mata gyara, da duk wanda ya taɓa ganin ɗan fain tun yana ƙarami, ku gaya mini. In cire na dama? In bar su duka Allah ya zaɓa? Ko in ɗauki wayar nan da na ce ta cika, in goge gilashinta da bakin zane, in tura wa yarinyar hoto da taki da komai? Ku amsa mini da wuri don Allah, rawayar tana gangarowa ƙasa.